Kafin A Kawo Katafila: A Ba Masu Fasaha Hayar Tsofaffin Benayen Legas

Wanda ya bi Broad Street ko Marina a Tsibirin Legas da rana tsaka, idonsa a ƙasa yake, gudun kada mai baro ya kwashe masa ƙafa. Amma in ya samu inda ya raɓe ya ɗaga kai, wani gari zai gani dabam. Hawan ƙasa cike maƙil da 'yan kasuwa, hawa na ɗaya da na biyu dilolin kaya ne har bakin taga, daga can sama kuwa sai tagogi baƙi ƙirin, gilasai a farfashe, wani wurin har bishiya ta tsiro a bakin indararo. Haka wasu tsofaffin sito suke a Apapa da Ijora, haka wasu gine-ginen gefen layin dogo a Ebute Metta.

Ganin wannan ba shi ne ya fi ba ni haushi ba. Amsar da ke fitowa daga bakin mutane duk lokacin da zancen ya taso ita ce matsalar: "Ai rushewa kawai za a yi, a dasa filaza." Ana faɗar haka a majalisar Agege, ana faɗa a ofis-ofis na Ikeja. A garin da masu surfani uku ke cuɗe a shagon da bai kai faɗin tabarma biyu ba, marini ke zubar da ruwan rini a kwatar unguwa yana faɗa da maƙwabta, baduku ke yanka fata ƙarƙashin rumfar leda a kasuwar kayan hannu ta Lekki, yaron da ya gama karatun zane a Kwalejin Fasaha ta Yaba kuma yake jingina allon zanensa a bayan katifa.

Ra'ayina a fili yake. Tsohon ginin kasuwanci da ƙashinsa ke da lafiya bai cancanci katafila ba, kuma bai cancanci a bar shi ga jemagu ba. A ba ƙungiyar masu fasaha da masu aikin hannu hayarsa ta dogon zango, su gyara, su yi aiki a ciki, su biya. Sai dai abu biyu ne ke raba wanda ya ɗore da wanda ya watse: rahoton injiniya da takardar haya. Fenti da fitilu masu launi suna can ƙarshen layi.

An taɓa yi, kuma a nan garin

Freedom Park da ke Broad Street a da kurkukun Turawan mulkin mallaka ne, inda aka tsare irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. Mai zanen gini Theo Lawson ya tsara mayar da filin wurin taruwa, aka buɗe shi a 2010, yau ana kiɗa da wasan kwaikwayo a bayan katangar da aka gina don tsare mutane. Jaekel House da ke harabar jirgin ƙasa a Ebute Metta, ginin 1898, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihi.

Bikin baje kolin fasaha na Lagos Biennial ya fara a 2017 a tsohuwar rumfar kawunan jirgi ta Ebute Metta. A 2019 ya koma Independence House, bene mai hawa 25 da ya daɗe babu mai amfani da shi yadda ya kamata. Mutane suka hau, suka ga abin mamaki, aka ɗauki hotuna. Bayan 'yan makonni aka kwashe kaya. Wannan shi ne bambancin biki da zama: biki yana nuna cewa ginin zai iya, amma ba ya toshe yoyo ko ɗaya. Abin da nake magana a kai shi ne mutanen da za su riƙe makulli, su zo kullum da safe, su ga tabon ruwa a silin tun yana faɗin tafin hannu.

A waje ma ba sai an je Landan ba, inda tashar wutar lantarki ta zama Tate Modern a 2000. GoDown a Nairobi tsohon sito ne. Bag Factory a Johannesburg, sunansa ma ya faɗi asalinsa, tun 1991 masu zane ke aiki a ciki. A Tamale, garin da ake jin Hausa a kasuwa, Ibrahim Mahama ya karɓi rumbun kankaren ajiyar hatsi na zamanin Nkrumah da aka yi watsi da shi, ya buɗe wa jama'a.

"Tsohon gini ai kabari ne"

Wannan ce hujja mafi nauyi, kuma mai faɗarta bai yi ƙarya ba. A Maris 2019 bene ya rufta a Ita-Faaji da makaranta a samansa, yara suka mutu. Amma a 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya zube a Gerrard Road, Ikoyi, ya kashe fiye da mutum 40, shi kuwa ko gama shi ba a yi ba. Shekaru ba su ne ke kayar da gini ba. Ruwa ne, da tsatsa, da lodin da ya wuce ƙima, da hawan da aka ƙara a kan tushen da ba a yi shi don haka ba.

Don haka kada a yi cinikin biri a sama. Kafin a biya ko sisi, a kawo injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ba birkilan da ya ce ya shekara talatin yana aiki ba, ko da kuwa gaskiya ya faɗa. Jihar Legas tana da hukumar gwajin kayan gini, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu. Ga abin da ya kamata a gani a rahoton.

Na farko ƙarfin kankare. Akwai wata guduma mai ma'auni da ake dannawa a jikin ginshiƙi, tana ba da ƙiyasi nan take, amma fatar kankare kawai take karantawa. In ana son gaskiya sai an huda an ciro ɗan curi kamar gwangwanin madara, an kai ɗakin gwaji an matse shi har ya fashe. Injiniyan da ya tsaya a guduma kaɗai a ginin da ya haura shekara 50, a nemi ya ƙara.

Na biyu rodi. Legas gari ne na iskar gishiri da laima. Sabon kankare yana kare rodi daga tsatsa, amma iska na cin wannan kariya daga waje zuwa ciki a hankali. Ana gane inda ta kai da wani ruwan gwaji da ake fesawa a sabon huji: inda ya koma ruwan hoda akwai sauran kariya, inda bai canza launi ba ta ƙare. In ƙarewar ta kai ga rodi, tsatsa ta fara. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, sai ta kumbura ta tsaga kankaren daga ciki. Shi ya sa za ka ga ƙasan dekin yana ɓantarewa, rodi ja ya leƙo. A bakin teku ana son rodi ya samu santimita 4 zuwa 5 na kankare a kansa. Gine-gine da yawa ko rabin haka ba su samu ba. Gyaransa ba shafe ba ne. Sai an sassare har bayan rodin, an kankare tsatsar, an auna kaurin da ya rage, an ƙara sabo in ya sirance, sannan a rufe da siminti na musamman na gyara. Wanda ya shafa filasta a kan rodi mai tsatsa ya ɓoye ciwo ne kawai, damina biyu zai sake fashewa.

Na uku tsaga. Siririn layi a filasta ba abin tayar da hankali ba ne. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, bakinta ɗaya ya fi ɗaya faɗi, alamar wani ɓangaren tushe na nutsewa. Ƙasar Tsibirin Legas yashi ce da fadamar da aka cike, ruwa kuma yana kusa, sannan in maƙwabci yana kafa turakun sabon bene girgizar na isowa. A manna ɗan gilashi a kan tsagar da siminti, a rubuta kwanan wata. In bayan wata ɗaya ko biyu ya karye, ginin yana motsi. A haƙura da shi, komai arharsa.

Na huɗu nauyi, kuma a nan ne tsohon ginin kasuwanci ya fi gidan kwana nesa ba kusa ba. A ƙa'idar Birtaniya da injiniyoyinmu suka daɗe suna bi, dekin ɗin gidan zama ana yin sa ne don ɗaukar kimanin kilo 150 a kowace murabba'in mita, na ofis 250, na kanti 400, na sito ya fi haka. Zauren da jama'a za su cika a tsaye ko za a yi rawa yana buƙatar kimanin 500. Ma'ana, tsohon kanti ko sito zai ɗauki masu zane da teloli da kekunansu hankali kwance. Tsohon ofis zai ɗauki ɗakunan aiki, amma kada a tara mutum ɗari biyu suna tsalle a hawa na huɗu ba tare da injiniya ya sa hannu ba. Kuma a leƙa rufin: tankin lita 5,000 tan biyar ne cur in ya cika. In an ɗora shi a tsakiyar dekin maimakon saitin ginshiƙi, wannan kaɗai ya isa dalilin tsagar da ake gani a ƙasa.

"Mai gida zai fi samu in ya ba 'yan Balogun su zuba kaya"

A hawan ƙasa da na ɗaya, haka ne, kuma babu mai fasahar da zai iya gogayya da kuɗin da ɗan kasuwar Balogun ko Idumota zai ajiye. Kada ma a gwada. Maganar daga hawa na uku zuwa na biyar ce, inda lif ya mutu tun tuni, ɗan dako ke tsawwala kuɗi, mai saye kuma ba ya hawa. Daga na shida zuwa sama ba tare da lif ba, mafarki ne. Ba wanda zai riƙa hawa da buhun siminti ko katako.

Mai gida ya yi lissafi na gaskiya. Hawan da ke rufe ba ya kawo komai, amma harajin ƙasa na jiha yana nan, yoyo kuma yana bi ta cikinsa ya sauka kan waɗanda ke biyan haya a ƙasa. In kuwa ya cika shi da diloli har silin, ya ɗora wa dekin ɗin ofis lodin sito, ya kuma tara makamashi. Gobarar kasuwannin Tsibirin Legas kusan kowace shekara sai an ji ta, kuma labarin kan yi kama da juna: kaya maƙare, janareta a saman bene, matakala a toshe, motar kashe gobara ta rasa hanya. Ɗan hayar da ke biya kaɗan amma ya gyara rufi da wayoyin wuta ya fi wanda ke biya da yawa yana cin ƙashin ginin.

Gobara ba ta san mai fasaha ba

Kada a ɗauka masu fasaha sun fi 'yan kasuwa kiyayewa. A Disamba 2016 wani sito da masu fasaha suka mayar wurin aiki da kwana a Oakland ta Amurka, da ake kira Ghost Ship, ya kama da wuta ana tsakiyar biki, mutum 36 suka mutu. Wayoyi a haɗe barkatai, katako ko'ina, hanyar fita kamar ramin kurege. Duk abin da ya kashe su akwai irinsa a Legas.

Kowane hawa yana buƙatar matakala biyu, nesa da juna, kuma ba a ajiye ko kwali a kansu. Ƙofar fita ta buɗe waje, don taron da ya firgita turawa yake yi. Ƙarfen tagogi da muke sawa saboda ɓarayi, a bar aƙalla ɗaya a kowane sashe mai buɗewa daga ciki. Wayoyin wuta na shekara 40 ba a yi musu faci, a zare su duka. Janareta a ƙasa, a waje, kuma ba a zuba masa mai yana aiki. Baturan sola su samu ɗakinsu mai iska, ba ƙarƙashin matakala ba. Tina da fenti a kabad na ƙarfe. Tsumman da ya jiƙe da man fentin masu zane, in aka tara shi wuri ɗaya, yana iya ɗaukar zafi ya kama da kansa ba tare da ashana ba, don haka bokitin ƙarfe mai murfi ne wurinsa.

Sai maganar kwana, wadda mu ta fi shafa. Kowa ya san yawancin masu sana'armu a Legas a shago suke kwana, su tara kuɗin haya su aika gida. In ƙungiya ta kauda kai, cikin wata uku risho da katifu za su cika wurin. A yanke magana tun farko: ko an hana kwata-kwata in ban da masu gadi, ko a ware ɗaki guda kusa da matakala, ba girki a ciki, a kuma sanar da hukuma. Hanin baki da izinin ido shi ne mafi muni.

Yadda ake raba wurin

Abu na farko da za a kashe wa kuɗi shi ne rufi da magudanar ruwa. Ruwan Yuni da Yuli a Legas ba ya wasa, kuma yawancin yoyon tsofaffin benaye daga indararon da ganye da leda suka toshe ne, ruwa ya kwanta a kan dekin. In rufin ko silin na asbestos ne, wannan farin kwano mai kauri na da, kada a fasa, kada a yanka da inji. Ƙurarsa ke shiga huhu ta haifar da cuta bayan shekaru. In lafiyarsa ƙalau a bar shi a shafe shi; in dole a cire, a jiƙa shi, a kwance kusoshi, a sauke shi ɗungurungum, masu aikin da abin rufe hanci na gaske.

Gine-ginen shekarun 1950 da 1960 an yi su ne kafin na'urar sanyaya ɗaki ta zama ruwan dare: silin mai tsawo, tagogin luba, da ɓangarorin kankare masu tare rana. Daga baya aka toshe su da filawud da baƙin gilashi. A buɗe su. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit a Afrilu 2024, wurin da ya dogara da na'urar sanyi ya riga ya ci bashi. Bangon raba ɗakuna ya tsaya a mita 2.4, a bar sarari zuwa silin iska ta ratsa, in ba haka ba fumfuna za ta cinye takarda da fata da yadi. Masu zane a ba su tagogin arewa ko kudu. Tagar yamma daga azahar tanda ce.

A misali, hawa mai murabba'in mita 400: a cire kashi ɗaya cikin huɗu na hanya da banɗaki da wurin alwala da salla, saura 300. A ware 100 zauren kowa da kowa, na baje koli da koyarwa da atisayen wasa. Sauran 200 zai ba da ɗakuna 13 zuwa 16 masu murabba'in mita 12 zuwa 15. Kowane ɗaki da ƙaramar mitarsa ta wuta. Kuɗin wutar da ake rabawa daidai tsakanin mai walda da mai ɗinkin hula shi ne farkon rabuwar kai.

Masu nauyi da wuta da ruwa, wato maƙera, masu walda, masu sassaƙa, masu gasa tukwane, a ƙasa ko a tsakar gida. Marina su ma a ƙasa, da ramin tace ruwansu na kansu, domin soda da sauran sinadaran rini na zamani ba a sakinsu kai tsaye a kwata. Masu surfani, dukawa, masu zayyana, masu hoto da masu zane a sama. Makaɗa da masu ɗaukar waƙa a can ƙurya. A nan a lura: soso da kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba sa hana ƙara fita, amsa-kuwwar cikin ɗaki kawai suke ragewa, ga su kuma abincin wuta. Nauyi ke tare sauti: bango biyu na bulo da sarari a tsakani, ƙofa mai kauri da roba a gefenta. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana da daɗin shiru, amma a Tsibiri ruwa ne ke haya a can.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Wannan hujjar daga bakin masu fasahar kansu take fitowa, kuma ita ce ta fi kusa da gaskiya. Ka gyara kango, ka jawo mutane, unguwa ta yi suna, sai mai gida ya ninka haya ko ya sayar. Haka aka yi a unguwar SoHo ta New York, inda masu zane suka raya tsofaffin masana'antu, tsada ta kore su. A nan gida, a Janairu 2016 aka wayi gari da rushe wuraren aikin masu fasaha na Artists' Village da ke harabar National Theatre a Iganmu, kayan mutane a ciki. A Satumba na wannan shekarar, ana jajibirin Babbar Salla, aka rushe Ilojo Bar da ke kusa da Dandalin Tinubu, ginin 1855 da aka ayyana kayan tarihin ƙasa tun 1956. In wanda ke da wannan kariya ya tafi a yini ɗaya, me zai hana a kori ɗan hayar da ba shi da takarda?

Maganin yana hannun lauya. Kada mutum ɗaya ya karɓi haya da sunansa, ko da shi ne sarkin sana'ar. A yi wa ƙungiya rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ko a matsayin ƙungiyar gama kai a jiha, da asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku. A bincika takardar mallaka a ofishin filaye da ke Alausa. Gidaje da yawa a Tsibiri na gado ne, kuma a dokar gidan gado ta Yarabawa sai shugaban dangi da manyan magada sun yarda tare. In 'yan dangi suka ba da ba tare da shugaban ba, cinikin banza ne; in shugaban ya ba da shi kaɗai, sauran na iya zuwa kotu su warware. Dillalin da ya ce "Baba ya yarda, ku biya kawai", a ce masa a tara su.

Hayar shekara-shekara ba ta dace da wanda zai zuba kuɗi a rufi ba. A dokar haya ta Legas ta 2011, in ba a rubuta wani abu dabam ba, notis ɗin wata shida ya ishi ɗan hayar shekara, kuma dokar ma ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ba. A nemi shekara goma ko fiye. Hayar da ta wuce shekara uku sai an yi ta a cikakkiyar takardar yarjejeniya, an nemi amincewar gwamna, an yi rajista. Akwai kuɗi da jira a ciki, amma ita ce ke sa wanda ya sayi ginin gobe ya same ku a matsayin masu haƙƙi. A rubuta watanni nawa ba za a biya haya ba a madadin gyara, a haɗa da lissafin injiniya. A rubuta yaushe za a ƙara haya da iyakar ƙarin. A rubuta cewa in za a sayar, ƙungiya za a fara yi wa tayi. A rubuta abin da za a mayar mata in aka katse kafin lokaci, da wanda zai biya harajin ƙasa da tsohon bashin wuta. Sannan izinin sauya amfanin gini daga LASPPPA, hukumar jiha mai ba da izinin gini, da sanin LASBCA, mai sa ido kan aikin gine-gine, kafin a taɓa bango ko ɗaya. Wanda ya tsallake wannan, jan fenti a bango da kwaɗo a ƙofa na jiransa.

"Mu ina ruwanmu da wannan?"

Wasu cikinmu in suka ji "masu fasaha" sai su hango mashaya da gumaka. Wurin da membobinsa suka kafa, su ke rubuta dokarsa: me ake sayarwa, ƙarfe nawa ake kashe sauti, ina ake salla. Kuma fasaha ba baƙuwarmu ba ce. Aska takwas a gaban babbar riga, zayyanar allon sauka, burgamin baduku, shuɗin karofin Ƙofar Mata, duk da su ake ado a garin nan. Hausawa sun zauna a Agege tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, amma har yau yawancin masu aikin hannunmu a matsayin 'yan rakuɓe suke, a rumfar da ba takarda, mai saye ya zo ya karɓa da arha ya kai shagon Victoria Island ya ninka kuɗin. Wuri mai adireshi, inda Bahaushe mai surfani ke maƙwabtaka da Bayerabiya mai adire da ɗan Ibo mai ɗaukar hoto, yana cire ɗan tsakiya ɗaya ko biyu. Sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba da Mile 12 da manyan 'yan kasuwarmu sun saba haɗa kuɗin gina masallaci da makaranta; tsayawa a matsayin masu lamuni ga hayar hawa ɗaya bai fi ƙarfinsu ba.

Akwai masu cewa mutane na kwana ƙarƙashin gada, gidaje ya kamata a yi. Inda ginin ya dace, a yi, ban ja ba. Amma sito mai zurfin mita 30 da tagogi a gefe ɗaya da banɗaki biyu, kafin ya zama gidajen kwana sai an huda dekin ko'ina an ja bututu, kuɗin ya kusa na sabo. Wurin aiki kuwa famfo huɗu da banɗaki huɗu sun riƙe hawa guda.

Gwamnati ba sai ta gina komai ba. An kashe maƙudan kuɗi a gyaran National Theatre, wanda aka sa wa sunan Wole Soyinka a 2024, kuma ya yi kyau, amma dandalin nuna aiki ne, ba inda ake yin aikin ba. Tun da aka mayar da babban birni Abuja a 1991 gine-ginen tarayya irin su tsohuwar Sakatariya ta Ikoyi ke tsaye ana taƙaddama a kansu. A fitar da jerin waɗanda ke zaune haka nan, a ba da ƙananan cikinsu haya a fili. Jiha kuma ta rage harajin ƙasa ga duk mai gidan da ya ba irin wannan ƙungiya hayar shekara goma mai rajista, ta kuma sa wa izinin sauya amfani wa'adin da ba zai wuce ba.

Ita kuwa ƙungiyar, kada ta gina lissafinta a kan tallafin ofishin jakadanci ko na banki. Yana zuwa ya ɗauke kamar ruwan bazara. Hayar ɗakuna ita za ta biya mai gida da mai gadi da mai shara. Hayar zaure, ajin yara na ranar Asabar, mai abinci a bakin ƙofa da ɗan shagon sayar da aikin membobi su biya wuta da ruwa. Kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ya shigo a kulle shi don gyara, ba don biki ko ta'aziyya ba. A kuma sa wa mutum guda, da sunansa a rubuce, aikin hawa rufi ya share indararo a watan Maris kafin ruwa ya sauka, ya sake hawa a Agusta lokacin da ya ɗan tsagaita.